Gilashin da ke rufa asiri in an ɗauke wuta

A watan Agusta na 2020 aka buɗe wasu banɗakunan jama'a a wuraren shaƙatawa biyu na unguwar Shibuya, cikin birnin Tokyo na ƙasar Japan. Duk wanda ya ga hotonsu sai ya riƙe baki, don bangonsu gilashi ne garau mai launi-launi. Kana tsaye a waje kana hango masai da famfon wanke hannu. Wanda ya zana su, Shigeru Ban, ba ƙaramin gwani ba ne, shi ya karɓi lambar Pritzker a 2014, wadda masu zanen gini ke ɗauka babu kamarta. Hujjarsa ita ce abu biyu ke sa mutum ɗari-ɗari da banɗakin kan hanya: shin da tsabta, kuma shin babu wanda ya laɓe a ciki? To ga shi nan, duba da idonka kafin ka sa ƙafa. Kana shiga ka murɗa makulli, sai bangon ya turnuƙe, na waje ba ya ganin komai sai launi.

Ranar da na nuna wa wani abokina tela bidiyon banɗakunan, bai tsaya mamakin fasahar ba. Cewa ya yi, "Malam, in mutum yana tsugune aka ɗauke wuta fa?" Muka yi dariya, amma tambayar mai kunya ce, kuma amsarta ita ta sa na ɗauki alƙalami.

In aka ɗauke wuta, irin wannan gilashi rufewa yake yi. Wutar ba don ya ɓoye ka ake ba shi ita ba, don ya nuna ka ne.

Ga yadda abin yake. Gilashi biyu ne aka manne, a tsakaninsu akwai wata siririyar leda. Cikin ledar an warwatsa ɗigo-ɗigon wani sinadari, ɗan'uwan wanda ke fito da lambobi a fuskar kalkuleta da agogon hannu. In babu wuta, ƙwayoyin sinadarin kowace ta fuskanci inda ta ga dama, kamar jama'a a kasuwar ƙauye ranar ci. Haske in ya shigo sai ya yi karo nan, ya yi karo can, ya tarwatse, gilashin ya yi fari kamar hazon hunturu. Da an ba shi wuta kuwa, sai su miƙe sahu ɗaya kamar an ta da iƙama, haske ya ratsa ya wuce salin-alin. Masana a Amurka, ciki har da na jami'ar Kent da ke jihar Ohayo, su suka fito da dabarar a shekarun 1980. Yau ana sa shi a ɗakunan taro, da asibitoci inda labule ke tara ƙura da ƙwayoyin cuta, da otal-otal.

Kada a haɗa shi da na tagogin jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011. Wancan duhu yake yi a hankali in ka danna maɓalli, aikinsa tare rana. Namu na yau aikinsa sutura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa wannan gilashi yana da hali na asali da hali na aro. Na aro shi ne garau ɗin nan da ke burge baƙo, kuma kullum sai an biya shi da mita. Na asali shi ne rufi. Waya ta tsinke, janareto ya ƙi tashi, mai ya ƙare, duk abin da zai faru shi ne ɗakin ya rufa wa na ciki asiri.

Mutane da yawa kuwa a juye aka haɗa mu. Rufin asirinmu ne ke aiki da wuta. Muddin ana ɗasawa, ana cin moriyar juna, bakin mutum gam yake. Ranar da aka yi saɓani, aure ya mutu, ko abokan kasuwanci suka raba jari, sai bango ya washe tas. Saƙonnin WhatsApp da aka yi wa juna cikin dare su ne za ka gani gobe a Facebook. Bashin da aka ci a ɓoye, rashin lafiyar da aka faɗa cikin kuka, har abin da ya faru a ɗakin aure, duk a baje su a faifai. Ashe da can ma ba amana ke riƙe da bakin ba, wuta ce, ga shi an ɗauke. Ni dai na daina auna amini da yadda yake magana a kaina muna shiri. Ina sauraron yadda yake magana a kan waɗanda ya ɓata da su, don a nan nake jin abin da za a yi da nawa.

Kakanninmu ba su san sinadari ba, amma sun gina gida da wannan tunani. Dubi zaure. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, ko an bar su a buɗe mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Ba a jira mai gida ya tuna ya saki labule ba, ginin da kansa ne ke kare matan gida, ko yana nan ko ya yi tafiya. Yanzu muna gina falo mai tagogi daga sama har ƙasa, sa'an nan mu bi su da labulen dubban nairori da ba a taɓa ɗagawa.

Gilashin ma ba waliyyi ba ne. A Tokyo ɗin, sanyin ƙarshen 2022 ya sa sinadarin ya yi nauyi, bangon ya riƙa jinkirin rufewa bayan an kulle ƙofa. Masu kula da wurin ba su tsaya kare fasaharsu ba, suka bar shi a rufe a watannin sanyi, ado ya jira bazara. Sa'an nan ko yana rufe, in akwai fitila a ciki da dare kuma mutum ya matso jikinsa, ana ganin inuwa. Murya ma ba ya tare ta kamar bangon bulo.

Akwai kuma wani nau'i da aka ƙera a juye, wanda ke zama garau in babu wuta. Saboda haka mai karatu, in ka je saye don ofis ko gida, kada ka tsaya kallon mai shago yana wasa da rimot. Ka ce ya zare soket ɗin a gabanka, ka ga abin da gilashin zai yi.