Yaɓen Shekara: Amanar da ke Wuyan Maƙerin Manhaja

Idan maƙeri ya ƙera fartanya ya miƙa wa manomi, ya karɓi kuɗinsa, to hulɗa ta ƙare. In fartanyar ta dakushe bayan damina uku, babu mai kai ƙararsa wurin mai unguwa, domin kowa ya san ƙarfe yana cinyewa. Maƙerin manhajar wayar salula bai sami irin wannan hutu ba. Abin da ya ƙera yana zaune a aljihun mutanen da bai taɓa gani ba, yana riƙe da hotunansu da lambobin 'yan'uwansu, wani lokaci har da makullin asusunsu na banki. Ƙasar da ya yi gini a kanta kuwa motsi take yi kowace shekara. Tambayar da wannan maƙala za ta bi diddiginta ita ce: shin sabunta kayan aikin da ake ƙera manhaja da su zaɓi ne na mai sana'a, in ya ga dama ya yi, ko kuwa amana ce da za a tuhume shi in ya yi sakaci da ita? In amana ce, ina iyakarta?

Kafin a shiga hukunci, ya kamata a san abin da ake magana a kansa. Babu wanda ke ƙera manhaja daga babu. Kamfanin da ya mallaki tsarin waya yakan tanadi akwatin kayan aiki ga maƙera. Google na da Android Studio, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a Disambar 2014, Apple kuma na da Xcode. A cikin akwatin akwai abin da ke juya rubutun maƙeri zuwa harshen da waya ke ganewa, da wayar gwaji da ke aiki a cikin kwamfuta, da rumbunan umarni waɗanda wasu suka riga suka rubuta, maƙeri yana ɗebowa yana ɗora nasa a kai. Kowane zubin Android yana da lambar matakinsa: na farko a 2008 shi ne mataki na 1, na 2015 mataki na 23, na 2023 mataki na 34. Maƙeri yakan rubuta lambobi biyu a jikin manhajarsa. Ta farko ita ke faɗin tsohuwar wayar da za a bari ta shiga, don haka mu kira ta lambar ƙofa. Ta biyu ita ke faɗin zubin da manhajar ta yarda ta bi dokokinsa, mu kira ta lambar alkawari.

Mai ƙin sabuntawa yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Yakan ce da tsohuwar zuma ake magani: manhajar tana aiki, masu amfani ba su yi ƙorafi ba, me zai sa a taɓa ta? Duk wanda ya san sana'ar ya san cewa ɗaga rumbu ɗaya zuwa sabon bugu yakan rushe wasu uku da suka jingina da shi, a kwashe mako guda ana ɗinki. Ga tsadar data, ga ɗaukewar wutar lantarki, kayan kuma nauyi gare su. Bayan duk wannan wahala, mai waya ba zai ga sabon launi ko sabon maɓalli ba, balle ya gode.

Raunin wannan hujja shi ne ta ɗauka cewa abin da ba a taɓa ba yana nan yadda aka bar shi. Mai gidan ƙasa ya san ba haka ba ne. Bangon da aka ƙyale ba a yi masa yaɓe ba, ruwan kowace damina yana zaftare shi kaɗan kaɗan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duniyar manhaja lamarin ya fi haka muni, domin ranar da aka fitar da gyaran wata ɓaraka, ranar ce aka sanar da duniya inda ɓarakar take. Mai gyara da ɓarawo takarda ɗaya suke karantawa. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a rumbun Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin jama'a, bai ɗora gyaran a inda ya kamata ba. Zuwa watan Mayu ɓarayi sun shiga, aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147. Wannan ba a waya ya faru ba, amma manhajojin waya ma a kan irin waɗannan rumbuna na aro suke tsaye, kuma hukuncinsu ɗaya.

Akwai misalin da ya fi kusa da aljihun mai waya. Kafin 2015, duk wanda zai sauke manhaja a Android sai ya amince da dukan abin da ta nema a dunƙule, kamara da makirfo da jerin lambobi, ko kuma ya haƙura da ita. Da zubi na 6.0 ya zo, watau mataki na 23, sai aka wajabta wa manhaja ta nemi izini a lokacin da take buƙatar abu, mai waya kuma yana da ikon ya ce a'a. Sai dai wannan doka tana hawa kan manhajar da ta ɗaga lambar alkawarinta zuwa 23 ne kaɗai. Wadda ta tsaya a 22 ta ci gaba da karɓar komai tun daga bakin ƙofa. Masu mugun nufi suka gane haka, suka riƙa maƙalewa a tsohuwar lamba da gangan. Wannan na cikin dalilan da suka sa Google ya shar'anta, daga Agustan 2018, cewa sabuwar manhaja ba za ta shiga kasuwar Play ba sai lambar alkawarinta ta kai 26, ana kuma ɗaga sharaɗin kowace shekara. Android 14 ma ya ƙi karɓar manhajar da lambarta ta gaza 23 ɗungurungum. Maƙerin da ya bar lambarsa a baya saboda kasala ba ɓarawo ba ne, amma ya hana mai waya wani haƙƙi da tsarin ya riga ya ba shi, kuma mai wayar bai ma san an hana shi ba.

A nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma ɗa'a. Masanin falsafa Hans Jonas, a littafinsa na 1979 kan nauyin da ke kan ɗan'adam a zamanin fasaha, ya nuna cewa tsohuwar tarbiyya an gina ta ne a kan maƙwabcin da ake gani, alhali fasahar yau tana kai tasirin aikin mutum ga waɗanda ke nesa da shi a wuri da lokaci. Bahaushe yana da kalmar da ta riga ta rufe wannan giɓi, ita ce amana. Sharaɗin amana shi ne mai kaya ba ya nan, ba ya iya duba kayansa, ya dogara da kai. Mai sayar da ƙosai da ke karɓar kuɗi ta waya ba za ta taɓa sanin wane bugun rumbu ke ɓoye lambar sirrinta ba. Wanda ya sani shi ne maƙeri, wanda ke da ikon gyarawa shi ne maƙeri, amma wadda za ta yi asara ita ce. Duk inda sani da iko suka taru a hannu ɗaya, cutarwa kuma ta faɗa wa wani hannu, to an ɗora amana, ko an rubuta yarjejeniya ko ba a rubuta ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk sabon abu tsira ne. A Satumbar 2015 aka gano cewa wasu maƙera a ƙasar Sin, saboda jinkirin saukar da Xcode daga rumbun Apple, sun ɗauko shi daga wasu kafofi na kusa. Ashe an cusa wa wannan kwafi guba, duk manhajar da aka ƙera da shi ta fito da gubar a jikinta, har da WeChat. Wannan shi ne abin da aka sa wa suna XcodeGhost. Haka kuma a ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, jiragen sama suka kasa tashi, ayyukan asibitoci suka tsaya. Garin neman gira ana rasa ido. Ashe amanar ta haɗa da yadda ake sabuntawa: a ɗauko kaya daga tushensu, a karanta bayanin abin da ya canza, a gwada, sannan a saki ga mutane kaɗan kafin a saki ga kowa.

Hujja mafi nauyi a kan masu ɗokin sabuntawa ita ce ta talaka. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba. Ga mai hali, wannan labarin jarida ne kawai. Ga wanda ya sayi waya ta hannu a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ya yi shekaru yana lallaɓa ta, irin wannan sanarwa tana nufin yankewa daga abokan ciniki da dangi. Sababbin rumbuna sukan ƙara wa manhaja ƙiba, su cika ƙaramar waya, su cinye data. In maƙeri ya ce yana kare mutane, amma ya kare su ta hanyar koro su waje, wace irin amana ya riƙe?

Amsar tana cikin lambobin nan biyu, domin ba tare suke tafiya ba. Maƙeri yana iya ɗaga lambar alkawari zuwa sabon mataki, ya bar lambar ƙofa a ƙasa, manhajar ta bi sababbin dokoki a sabuwar waya, ta kuma ci gaba da hidima a tsohuwa. Yin haka yana da wahala, yana buƙatar gwaji a wayoyi iri-iri, amma mai yiwuwa ne. Don haka hukuncin lambobin ya bambanta. Ɗaga ta alkawari wajibi ne da ba a jinkirta shi, domin jinkirinsa yana tauye haƙƙin mai waya. Ɗaga ta ƙofa kuwa abu ne da ake yi bisa larura, bayan an duba mutum nawa za a rufe wa ƙofa, an sanar da su da wuri cikin harshen da suke ji, kuma an tabbata cewa tsohuwar wayar ta kai matsayin da ba a iya kare sirrin mai ita. Sauƙin aikin maƙeri kaɗai bai isa dalilin rufe ƙofa ba.

Ba maƙeri kaɗai ne zai ɗauki wannan kaya ba. Banki ko ma'aikata ko ɗan kasuwar da ya biya kuɗin ƙera manhaja, ya yi bikin ƙaddamarwa, sannan ya ƙi ware ko sisi don kula da ita, ya yi daidai da wanda ya gina gidan haya ya zuba mutane, ya ce yaɓe ba nasa ba ne. Ya kamata kuɗin kulawa ya shiga yarjejeniya tun ranar farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma mai manhaja ya san ba zai iya ci gaba ba, mutunci shi ne ya sanar da jama'a, ya ba su hanyar kwashe bayanansu, ya janye ta daga kasuwa, maimakon ya bar kango ana kwana a ciki.

Saboda haka, sabunta kayan aikin manhaja amana ce, kuma ma'auninta shi ne halin da mai riƙe da waya zai shiga. Wanda ya ƙi sabuntawa ya bar shi a hannun ɓarayi. Wanda ya sabunta da garaje ya jefa shi cikin haɗari, wanda kuma ya sabunta ba tare da waiwaye ba ya bar shi a waje. Aiki ne da ba a yi masa tafi, domin in an yi shi daidai babu abin da ke faruwa, kamar yadda ba a yabon mai yaɓe a daren da aka sha ruwa kowa ya yi barcinsa lafiya. Irin wannan aiki, wanda mai kaya ba ya gani kuma ba ya iya bincika, shi ne inda ake gane mai riƙon amana.