Haƙƙin Abokin Tafiya Marar Baki

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota babba wadda aka shirya cikinta kamar ɗaki, da gado da murhu da wurin wanka. Mutum yakan kwashi iyalinsa da karensa a cikinta, ya bi gaɓar teku yana shan iska, inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. A arewacin Sikotlan har hanya aka keɓe domin irin wannan yawo a 2015, tsawonta ya ɗara mil 500. Mutumin Ambursa in ya ji wannan labari, abin da zai fara ba shi dariya shi ne karen. Kare a mota, har da shimfiɗa!

Amma fa in mun duba, mu ma muna tafiya da kare a bakin ruwa. Wanda ya bi fadamar Gulbin Rima da rani, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ba zai rasa ganin makiyayi da garkensa ba, kare na biye. Haka kuma mafarauta, in an kawar da amfanin gona, sukan fita da nasu karnukan su yi nisa da gida. Bature ya ɗauki nasa don ya ɗebe masa kewa, mu kuwa don gadi da farauta. To, tambaya ɗaya ce ta hau kanmu duka: wane haƙƙi ne dabbar nan take da shi a kan wanda ya ja ta zuwa tafiya?

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, ba a yi shawara da karen ba. Abokin tafiya ɗan Adam yana iya cewa ya gaji, ko ya ce shi daga nan zai juya. Kare ba shi da wannan. Inda ubangijinsa ya sa gaba nan zai bi, ko da ƙafarsa tana zub da jini. Wanda kuwa ya ja marar zaɓi zuwa wani wuri, shi ya ɗauki nauyin duk abin da zai same shi a can. Saboda haka ƙoshinsa da ƙishirwarsa suna wuyan mai shi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, shi ya sa zafin bazara da ɗan Adam zai daure yakan kashe shi, musamman in an rufe shi cikin mota ko an ɗaure shi a rana.

Wani zai ce, ai kare ne, dabbar da ba a so ta kusanci tabarmar salla. Gaskiya ne an umurce mu da wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallagi a ciki. Amma addinin da ya yi wannan umurni shi ne ya ba mu labarin matafiyin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Kuma a Suratul Kahfi, da aka ambaci samarin da suka gudu da imaninsu, ba a bar karensu a baya ba. Watau kiyaye tsarki daban, zalunci daban.

Wani kuma zai ce, ga mutane da yunwa, ina amfanin zancen kare? Wannan magana tana da nauyi. Wanda ya shimfiɗa wa kare katifa, maƙwabcinsa ya kwana bai ci ba, lalle ya juya sahu. Sai dai haƙƙin da muke magana bai kai tsadar katifa ba. Ruwa ne a kasko, da ragowar tuwo, da inuwa sa'ad da rana ta take. Wanda ya hana wannan ba talauci ne ya hana shi ba. Mafarauci da ya ci naman da kare ya kamo masa, sa'an nan ranar da karen ya karye ya bar shi a daji ya yi gaba, ya nuna mana yadda zai yi da yaronsa ran da ya daina amfani.

Akwai kuma haƙƙin mutanen hanya, domin matafiyi baƙo ne a duk garin da ya ratsa. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa yaron da kare ya ciza allura ya tsira, kuma a nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar riga-kafin karnuka. Ingila ta daɗe tana tsare duk karen da aka shigo da shi wata 6, sai a shekarar 2000 ta fara sassautawa ga wanda yake da shaidar allura. Wanda ya ratsa Ambursa da karen da ba a yi wa allura ba, ran yaran mutane ya sa a caca, alhali ofishin likitan dabbobi bai fi ƙarfinsa ba.

Mutum yakan kyautata wa sarki don tsoro, ya kyautata wa attajiri don kwaɗayi. Kare ba shi da alƙalin da zai kai ƙara, ba shi da dangin da za su bi kadinsa. Don haka abin da matafiyi ya yi masa a tsakiyar daji, inda babu mai gani, shi ne ainihin halinsa. Kai mai shirin tafiya, in ka san ba za ka iya ɗaukar nauyinsa ba, bar shi a gida wurin wanda zai ba shi ruwa. In kuwa ka kira shi ya biyo ka, to, ka dawo da shi.