Mai Rumbu da Maƙwabcinsa

A ƙasar Bichi da Dambatta gona tana manne da gona, ba saura, ba daji. Damman da mutum ya ɗaure da kaka su ne abincin gidansa har gero ya sake nuna. Mai ƙaramar gona ya kan sayar da hatsi sa'ad da ya ke araha, domin bashi da biki. Kafin watan Agusta rumbunsa ya ƙare, tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran kuwa tafasa da zogale da ɗan ƙuli-ƙuli.

To, wanda ya ajiye nasa har ya yi tsada, laifi ya yi? Mun ce a'a. Da ba masu ajiya, da yunwar 1914 da ta 1973 sun fi haka ɓarna. Yusufu ma ajiya ya yi a Masar. Amma mu tuna, kafin yunwar nan ta wuce Masarawa sun ba da gonakinsu a bakin abinci. Nan tsoronmu ya ke, 'yan'uwa. Wanda ya ba maƙwabci dami ɗaya da damina domin ya karɓi biyu da kaka, ya soma cinye masa rumbun baɗi tun bana. Shekara biyu, uku a haka, sai jinginar gona, samarin gidan kuma su tafi cin rani birnin Kano.