Ƙawance Ba Ya Ɗorewa Sai Da Shawara

Idan ƙasashe suka ƙulla alkawarin kare juna, shin wajibi ne aboki ya bi abokinsa duk inda ya kai yaƙi, ko da shi ne mai zalunci? Abin da ya faru a Masar a shekarar 1956 ya isa misali.

A watan Yuli na wannan shekara Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin ruwa na Suwez ƙarƙashin ikon Masar. Ingila da Faransa suka fusata, suka ƙulla shiri a asirce da Isra'ila. Ran 29 ga Oktoba Isra'ila ta auka wa Sina'i, su kuma suka biyo baya da sunan rabon faɗa. Ba su shawarci Amurka ba, alhali kuwa tun 1949 suke tare da ita cikin ƙawancen tsaro na NATO. Shugaba Eisenhower ya ƙi goyon bayansu, ya matsa wa Ingila ta fuskar kuɗi, har aka tsai da wuta a farkon Nuwamba. A Janairu 1957 Firayim Minista Eden ya yi murabus.

Daga nan kowa ya ɗauki darasinsa daban. Ingila ta ƙudurta ba za ta sake yin nisa da Amurka ba. Faransa kuwa ta ga ba ta da abin dogaro sai kanta: ta gwada bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya a 1960, ta janye daga haɗaɗɗiyar rundunar NATO a 1966, ba ta koma ba sai 2009. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, wa ya ci amana? Wasu za su ce Amurka ce, tun da ta juya wa abokanta baya a lokacin tsanani. Amma alkawarin da aka yi na kare wanda aka kai wa hari ne. Bai haɗa da raka mai kai hari ba. Musulunci ya girmama cika alkawari, kuma ya hana taimakon juna a kan zalunci. Saboda haka wanda ya ɓoye niyyarsa, ya ɗauki makami, sannan ya waiwayo neman taimako, shi ya fara warware igiyar, kuma ba shi da bakin zargin wanda ya ƙi binsa.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.