Ƙuda Mai Rigar Zuma

Jama'a, akwai wani ɗan ƙwaro da ke zuwa bakin tiren mangwaro da furannin bayan gida a nan unguwarmu. Jikinsa ratsin baƙi da rawaya ne, sak ƙudan zuma ko rina. Yara na ganinsa sai gudu, manya kuma a kai masa duka da mafici. Alhali bawan Allah ƙuda ne kawai, ba shi da abin harbi ko kaɗan.

Masana suna kiran danginsa Syrphidae, kuma sun ƙidaya iri wajen 6,000 a duniya. Wanda ya natsu zai gane shi da alamomi huɗu. Fukafukinsa biyu ne, na zuma da rina huɗu. Idanunsa manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya. 'Yan ƙahonnin kansa yawanci gajeru ne, na zuma dogaye masu lanƙwasa. Sannan yana iya tsayawa cak a iska kamar an rataye shi da zare, ya zabura gefe, ya sake tsayawa. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Bates, ya bayyana irin wannan dabara a 1862: marar makami ya ari kamannin mai makami don tsuntsaye su ƙyale shi.

To, tambayarmu ita ce: wannan ƙuda maƙaryaci ne? Mu dai a ganinmu a'a. Ba shi ya ɗinka wa kansa rigar ba, haka aka halicce shi, kuma bai cuci kowa da ita ba. Hasali ma yana kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, tsutsotsin wasu irinsa kuma suna cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen amfanin gona. Laifin yana wuyan wanda ya kashe shi bai duba ba.

Mu mazauna baƙuwar ƙasa mun san zafin wannan. Wani ya yi ɓarna a daji, gobe a tare mai sayar da goro a tasha saboda hula da kaftani. Muna kuka da haka, kuma muna da gaskiya. Amma fa mu tambayi kanmu: sau nawa muka yanke wa maƙwabcinmu ɗan gari hukunci saboda yarensa ko shigarsa, ba mu taɓa ciniki da shi ba?

Akwai kuma ɗaya gefen. Ɗan Adam shi ke zaɓen rigarsa, nan ya bambanta da ƙudan. Baƙo ya sauka da rawani da carbi, bakinsa zaƙi, kafin wata uku mun ba shi bashin kaya, wani har ya ba shi 'ya. Ranar da aka nemi zuma, sai a tarar babu saƙa. Wannan kam yaudara ce, domin da niyya aka yi ta. Duk da haka mu ma da namu sakacin, tunda rigar muka duba.

Magabata sun ce kama da wane ba ta wane. Don haka kafin mu ɗaga mafici, ko mu miƙa makullin shago, mu ƙirga fukafukai tukuna: ina ya fito, wa ya san shi, yaya yake da biyan bashi, yaya yake idan ransa ya ɓaci. Wannan binciken kwana kaɗan yake ci, rashinsa kuwa yakan ci dukiya da mutunci.

Allah Ya ba mu idon basira, amin.