Ci Iya Cinka

A rumfar mai abinci da ke bakin titin Gombe, a Inkil ta Bauchi, komai da awo yake. Mai saye yakan tsaya a kan tukunya ya ce, "Hajiya, a zuba mini shinkafa da wake ta ɗari bakwai, nama biyu." Ludayi ya shiga ya fita daidai yadda kuɗin ya saya. Masa ƙirga ta ake yi, tuwo kuma malmala-malmala. In mai abincin ta ga fuskar da ta saba gani, sai ta ƙara rabin ludayi ta ce ga gyara. Kowa ya san iyakarsa tun kafin ya wanke hannu.

Sai ga wani tsarin ci ya shigo gari ta ƙofar manyan otal-otal da zaurukan biki, wanda ake kira bufe. Kuɗi ɗaya ake biya, ko mai taro ya biya wa kowa, sannan a nuna wa mutum dogon tebur a ce bismillah. A kan teburin an jera kwanonin ƙarfe masu murfi, kowanne zaune cikin ruwan zafi, da 'yar wuta tana ci a ƙarƙashinsa don kada abinci ya huce. Babu mai zuba maka, babu mai ƙirga maka. Ka ci, ka koma, ka sake komawa.

Wanda ya ja gefe ya zuba ido zai ga ba da ka aka jera teburin nan ba. Farantai suna farkon layi, kuma galibi ba su kai na gida faɗi ba. Abin da ke biye da su shi ne mai araha mai cika ciki: farar shinkafa, dafa-duka, taliya, dankali, kabeji. Kaza da kifi da farfesun kayan ciki suna can ƙarshe, inda mutum zai iso faranti ya riga ya yi tozo. Sau da yawa a nan kaɗai ake tarar da ma'aikaci tsaye, yana murmushi, yana sa wa kowa yanka biyu. Mai wurin ya gama lissafinsa tun ba a kunna murhu ba. Ya san masu cin fiye da kuɗinsu tsiraru ne, kuma tsofaffi da yara da masu kunya za su cike masa giɓin.

Dabarar tsohuwa ce a inda ta fito. A shekarun 1940 wani gidan caca a birnin Las Vegas na Amurka, mai suna El Rancho Vegas, ya shimfiɗa irin wannan tebur a kan dala 1, don kada yunwa ta fitar da 'yan caca waje. Abin da gidan ya rasa a abinci yana mayarwa a teburin karta. Daga baya manyan wuraren shaƙatawa suka ɗauka, irin su Disney World da aka buɗe a jihar Florida a 1971, inda iyali kan wuni suna hawa lilo, sannan su biya kuɗi ɗaya su zauna cin iya cinsu.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A gaban wannan tebur idon yakan manta. Dattijon da a gidansa malmala ɗaya ke isarsa, za ka gan shi ya ɗora taliya a kan tuwo, ya kifa kifi a kan taliya, miyar taushe tana gangarawa cikin kankana. Ba yunwa ce ta ƙaru ba. Kuɗin da ya riga ya fita ne ke yi masa raɗa a kunne, cewa duk lomar da ya bari an ci shi riba. Alhali cikin babban mutum bai wuce ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin kwanciyar hankali ba, kuma saƙon ƙoshi yakan ɗauki wajen minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Mai sauri yakan gama faranti na biyu kafin saƙon na farko ya iso. Tun a makarantar Islamiyya yara ke haddace hadisin da ya kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. A layin bufe, kason numfashi ake fara cinyewa.

Motocin da ke wucewa ta Inkil da ɗaliban yawon buɗe ido sukan miƙe har Dindima, su karya dama zuwa Mainamaji, ƙofar Yankari, gandun dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Duk wanda ya kwana a masaukin Wikki da ke cikin dajin ya san gargaɗin farko da ake yi wa baƙo: rufe ƙofa, kada ka riƙe leda a fili, saboda bika. Gwaggon birin nan in ya samu abinci ba ya tsayawa tauna, cusawa yake yi. Amma shi da hujjarsa. Allah Ya yi masa 'yan aljihu a cikin kumatu, inda yake tara abin da ya wawura ya gudu da shi, ya ci a natse inda babban namiji ba zai ƙwace ba. Halittarsa ta dace da rayuwarsa, don a dawa ba a san ko za a samu anjima ba. Ɗan Adam ba a yi masa wannan aljihu ba, kamar ana nuna masa cewa shi mai ci ne ya tashi, ya jira wani rabon. Sai ya je ya ƙera wa kansa faranti, ya ƙara da leda a cikin jaka. Abin mamakin shi ne, teburin da aka yi alkawarin ba zai ƙare ba, a nan aka fi yin wawaso.

To, ina ragowar ke zuwa? A rumfar bakin titi tana da mai ita. Almajiri na tsaye da robarsa, kana tsame hannu zai ce, "Alhaji, in ɗauka?" A otal kuwa akwai katanga da mai gadi, kuma abin da aka cakuɗa a faranti ba ya komawa tukunya. Bola ce makomarsa, a unguwar da wataƙila bayan katangar akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Akwai kuma mutumin da idon mai ci ba ya sauka a kansa. Shi ne yaron nan mai farar riga da ke zagaya tebura, yana kwashe farantin da aka gama da shi kafin mai shi ya dawo da sabo. Shi ke goge miyar da ta zuba, ya cika kwanon da ya yi ƙasa, ya kawo ruwa. Mai zuwa layi sau uku ya ba shi aikin mutum uku, amma da yake da hannunsa ya ɗebo, sai ya ɗauka babu wanda ya yi masa hidima. Amurkawa ma sun daɗe suna gardama a kan kyautar da ta dace a bar wa irin wannan ma'aikaci. A can dokar tarayya ta yarda a biya mai hidimar tebur dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa zaton kyautar baƙi za ta cike sauran. Shi ya sa a gidan abincin da ake kawo maka har tebur ake barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a bufe kuwa da yawa sukan tsaya a kashi 10. A gidajen abincin Disney World, in kun kai mutum shida, kashi 18 ake rubutawa a takardar kuɗi kai tsaye, ko kun so ko kun ƙi. Abin da aka rubuta a takarda kuwa ya tashi daga kyauta, ya koma farashi.

Mu nan ba mu san kashi kaza cikin ɗari ba, amma mun san tukuici. In maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon dambu, ba don an sayi dambun ake sa mata 'yan kuɗi a hannu ba. Ƙafar da ta tako ake girmamawa. Masu kai lefe ma ba sa komawa hannu rabbana. An ce yaba kyauta tukuici, kuma ba a taɓa kai wani gaban alƙali don bai bayar ba. Tebur ɗaya ke nan yake auna mutum sau biyu, ba tare da sikeli ba: me zai ɗiba in babu mai ƙirga masa, me zai bayar in babu mai tambayarsa. Sau da yawa hannun da ya yi nauyi a wajen ɗiba, shi ne ke yin sanyi in an zo wajen aljihu.

A da ba da tukuici yana zuwa da sauƙi. Mutum ya miƙa dubu biyar ya ce, "Samari, riƙe canjin." Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, jama'a suka koma kati da tura kuɗi ta waya. Na'urar POS tana cire abin da aka danna mata daidai, ba ta barin canji, kuma kuɗin asusun mai wuri suke shiga. Yanzu wanda ya yi niyyar alheri sai ya kira yaron, ya ce, "Karanto mini lambar asusunka," ya jira sunansa ya fito a waya, ya tambaye shi, "Kai ne wannan?" kafin ya tura.