Shin Jefa Ƙuri'a Yarda Ce da Hukuncin Wanin Allah?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ɗalibai a makarantarmu sun rabu gida biyu. Wasu sun ce dimokuraɗiyya kafirci ce, har wani ya kakkarya katin zaɓensa a gabanmu. Wasu kuma sun ce ba za ta ɗore ba sai an raba addini da mulki. Ina gaskiya take?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abu biyu aka cakuɗa muku: hanyar naɗa shugaba, da ikon halattawa da haramtawa. Na biyun na Allah ne shi kaɗai. Ko majalisa kaf ta ɗaga hannu, riba ba ta zama halal.

Amma yadda za a zaɓi shugaba, shari'a ba ta ƙayyade masa siga ɗaya ba. An yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a bayan shawara a Saƙifa. Shi kuma ya yi wasiyya da Umar. Da aka soki Umar a shekara ta 23 bayan hijira, ya bar al'amarin a hannun mutum shida, Abdurrahman ɗan Aufu ya yi kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ta bakinsu kafin a tsayar da Usman, Allah ya ƙara musu yarda. Tun da sahabbai ba su tsaya kan hanya ɗaya ba, akwatin zaɓe ijtihadi ne, kuma kafirta mai jefa ƙuri'a ganganci ne babba. Ku ji tsoron Allah a kan wannan kalma.

Masu cewa a raba addini da mulki ba yau suka fara ba. A 1925, shekara ɗaya bayan Turkiyya ta rushe halifanci, alƙalin Masar Ali Abdurraziƙ ya rubuta cewa saƙo kaɗai Annabi ya zo da shi, bai kafa daula ba. Malaman Azhar suka fitar da shi daga sahunsu. Ban yarda da shi ba. Wa zai karɓi zakka, ya raba gado, ya ƙwato haƙƙin maraya in babu hukuma? Haka kuma ba mu bin tsarin Iran na bayan 1979, inda majalisar mutum 12 ke tace 'yan takara, malami guda yana saman kowa. Malami mai ba da shawara ne, ba ma'asumi ba.

A Najeriya, sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, amma kundin nan dai ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci. Ƙaurace wa zaɓe sakin wannan dama ne ga wanda bai damu da ita ba.

Saboda haka zaɓe ya halatta, yana iya zama wajibi in ana tsoron azzalumi ya hau. Ƙuri'a shaida ce: sayar da ita da taliya ko atamfa shaidar zur ce, haramun ce. Abokinku ya je ya sake yankar kati.

Allah ne mafi sani.